Wuyan gajeriyar jitar bes: siriri zan ɗauka ko mai faɗi?

Tambaya: Shekarata uku ina kaɗa jita mai tsirkiya shida a ƙungiyar mawaƙan majami'armu a Jos, yanzu an ce in koma bes. Na ari ta wani mai cikakken tsawo, kafin a gama waƙa uku tsintsiyar hannuna ta fara zafi, don hannuna ƙarami ne. Na yanke shawarar sayen gajeriya mai inci 30, amma na ga wasu an rubuta faɗin wuyansu milimita 38, wasu 41 ko 42. Wanne zan ɗauka? Daga Legas za a aiko mini, ba zan samu in taɓa ta ba kafin in biya.

Amsa: Ƙanena, rabin matsalarka ka riga ka kashe ta tun ranar da ka ce gajeriya za ka saya. Yawancin waɗanda suka zo mini da kuka irin naka, miƙar yatsu ce take ba su wahala, faɗin wuya kuma ya ɗauki laifin da ba nasa ba. Bes mai cikakken tsawo, irin wadda Leo Fender ya fitar a 1951 da sunan Precision, inci 34 ne tsawon tsirkiyarta, daga nat zuwa jaki. Nat shi ne ɗan farin abin nan mai tsaga huɗu da tsirkiyoyi suke bi ta kansa a ƙarshen wuya, jaki kuma inda suke sauka a jikin jitar, kamar dai yadda masu goge da molo suke kiran nasu. A kan mai inci 34, tazarar da ke tsakanin firet na ɗaya da na huɗu (firet su ne siraran ƙarafan da aka gitta a fuskar wuya, inda ake danna tsirkiya) ta kusa milimita 130, ita kake nema manuniyarka da ƙaramin yatsa su haɗe. A kan mai inci 30 tazarar ta sauko wajen 114. An yafe maka santimita ɗaya da rabi ke nan, ga kan jitar ya matso kusa da jikinka, ba sai ka miƙe dantse kamar mai tsinko mangwaro ba.

Yanzu ka kwatanta wannan da abin da kake tambaya a kai. Tsakanin 38 da 41 milimita uku ne. Tsirkiya huɗu, gurbi uku ne a tsakaninsu, kowane gurbi ya samu ƙarin milimita ɗaya, ɗan fiye da kaurin katin cirar kuɗi. Ba ina cewa hannu ba ya jin wannan ba. Yana ji sarai, tafin hannu ya fi ido gane ƙaramin bambanci. Amma ka san girman abin tun farko, don kada ka hana kanka barci a kansa.

Akwai ma hujja a hannunka da ba ka duba ba. Jitar da ka shekara uku kana kaɗawa, in irin ta lantarki ce ko ta katako mai tsirkiyar ƙarfe, faɗin wuyanta a wajen nat yakan kama daga milimita 42 zuwa 44. In kuwa irin ta Sifen ce mai tsirkiyar roba, ya kai 52. Ba ka ce ta taɓa sa maka ciwo ba. Ashe hannun da kake cewa ƙarami ya daɗe yana riƙe wuyan da faɗinsa ya kai ko ya wuce na waɗanda kake tantama a kansu. Ɗauko rula yau ka auna ta, lambar da ka gani ka rubuta, za mu dawo kanta.

Lambobin nan biyu, 38 da 41, daga kamfanin Fender suka samo asali, shi ya sa kake ganinsu ko'ina. Precision ta farko wuyanta inci ɗaya da uku bisa huɗu ne, milimita 44 da rabi, daga baya aka rage zuwa 41.3. A 1960 suka fito da Jazz Bass mai siririn wuya, inci ɗaya da rabi, wato 38.1. Tun daga nan makaɗa suka rabu gida biyu, kamfanoni kuma suka riƙa bin ɗaya daga cikin ma'aunan. Gajeriyar Mustang ta Fender mai inci 30 ta zo a 1966, ana ta kwaikwayonta har yau, kuma ita kanta ana yin ta da faɗi iri biyu: Player Mustang PJ tana da 38.1, wadda ake kira JMJ tana da 41.3. A wajen kamfanin Ibanez ma haka ne, Mikro GSRM20 mai inci 28.6 tana da 38, Talman TMB30 mai inci 30 tana da 41. Sunan jita kaɗai ba zai gaya maka faɗin wuyanta ba, sai ka tambayi wane samfuri ne.

Abin da ni nake dubawa kafin in ba mutum shawara shi ne inda babban yatsansa yake zama, da kaurin kan yatsunsa. Tsawon hannu ya zo daga baya. Makaɗin bes Stanley Clarke, dogon Ba'amurke mai manyan hannuwa, gajerun bes na kamfanin Alembic ya yi suna da su, kuma na ga 'yan mata ƙanana suna sarrafa wuya mai faɗi ba tare da ƙorafi ba.

Ɗauki jitarka ka kaɗa abin da ka saba, kada ka gyara zama, sannan ka leƙa bayan wuyan. In ka tarar babban yatsanka ya haura ya leƙo ta sama, wuyan yana kwance cikin tafinka kamar ƙotar fartanya, to kai mai damƙa ne. Masu fitowa daga jita mai tsirkiya shida da yawa haka suke, kuma a kan bes suna amfani da wannan yatsan wajen kashe ƙarar tsirkiyar E, wato ta sama mafi kauri a jerin E, A, D, G, in ba ita ake bugawa ba. Mai damƙa, duk milimita da aka ƙara wa wuya daga tsawon yatsunsa aka cire, don sai sun zagayo katako kafin su kai ga tsirkiya. Wannan mutum 38 ta fi yi masa daɗi. In kuma ka tarar babban yatsan yana dafe a tsakiyar bayan wuyan, daidai saitin ɗan tsakiya, akwai iska tsakanin tafinka da katako, to faɗin bai dame ka sosai ba. Yatsunka daga sama suke saukowa, 41 ko 42 za ta ba su wurin sauka mai tsabta.

Kan yatsa kuwa, ga abin da na gani da idona. Wani ɗalibina mai aikin walda, gajere ne, hannunsa gajere, ya dage sai siririn wuya don an ce masa shi ne na masu ƙaramin hannu. Ya kawo ta yana murna. Da ya danna tsirkiyar A a firet na biyu, naman yatsansa mai kanta ya baje ya taɓa D, sai ka ji wani ɗan zirr a ƙarƙashin sautin, in kuma ya bar D a buɗe don ta yi amo sai ta shaƙe. Ya juya yatsa, ya tsayar da shi a kan farce, ya karkata hannu, har gumi ya keto masa. Na miƙa masa tawa mai 41, ya buga layi ɗaya ya ɗago kai yana dariya. Yatsunsa gajeru ne amma masu kauri, milimita ɗayan nan da na raina a sama ita ce ta raba shi da ƙarar. A kan wuya mai 38, daga tsakiyar tsirkiya zuwa tsakiyar ta kusa da ita a wajen nat kimanin milimita 10 ne, a kan mai 41 kimanin 11. Danna manuniyarka a kan rula da ƙarfin da kake danna tsirkiya, ka ga faɗin da naman yake bajewa. In ka ga yana cin wuri sosai, kada ka matse wa kanka.

Ga kuma wani abu da ya shafi gajeriyar bes musamman, wanda mai cikakken tsawo bai cika fama da shi ba. In ka ɗaura tsirkiya iri ɗaya ka ja ta zuwa murya ɗaya, ta kan inci 30 ba ta kai ta kan inci 34 tauri ba, ƙarfin jan ya ragu da kimanin kashi 22 cikin ɗari. Wannan ne yake sa ta laushi a hannu, da wannan murya mai kauri da ake son gajeru dominta. Amma tsirkiya mai laushi tana lilo da faɗi, tana kuma bin yatsa duk inda ya ja ta. A kan siririn wuyan da aka yanka wa nat ba da kula ba, tsirkiyar G takan zauna dab da baki, da ka ɗan ja ƙasa sai ta zame daga kan firet ta faɗa gefe da wani ƙwas mai ban haushi. Don haka in za ka ɗauki 38, ka sa a ɗauko maka hoton wuyan daga sama, kai tsaye, ka ga ko E da G sun bar fili daidai wa daida a gefe biyu, wajen milimita uku zuwa huɗu kowanne. In ɗaya ta fi ɗaya matsowa baki, ko dai nat ɗin ne ko an ɗaura wuyan a karkace. Duka biyu ana gyarawa, amma gara ka sani kafin a yi ciniki.

To, ga abin da takardar talla ba ta cika faɗa ba, kuma a ganina shi ne babba. Hannu ba faɗi yake riƙewa ba, kewaye yake riƙewa. Wuya yana da faɗi, yana da kauri daga fuska zuwa baya, yana kuma da siffa. Kauri a firet na ɗaya yakan kama daga milimita 20 zuwa 23 ko fiye. Ka ɗauki wuya mai faɗin 38 da kaurin 23, ka ɗauki wani mai faɗin 41 da kaurin 20, ka zagaye kowanne da zare a ƙarƙashin tsirkiya. Za ka tarar zaren kusan tsawo ɗaya ne, santimita goma da 'yan kai. Na farkon zai cika maka tafi kamar rake, na biyun zai kwanta kamar ludayin da aka fafe. Mutum yakan sayi 38 yana zaton siriri ya saya, ya buɗe kwali ya tarar da taɓarya.

Siffar bayan wuya da haruffa ake kwatanta ta. C ita ce mai lanƙwasa daidai, ta fi karɓar yawancin hannuwa. U tana da kauri da kafaɗu cike. D bayanta a shafe yake amma kafaɗunta a tsaye, tana yi wa mai dafa babban yatsa a baya daɗi, mai damƙa kuma takan tokare shi a gindin manuniya. Kafaɗun nan, wato inda bayan wuya ya lanƙwaso ya haɗu da gefen allon firet, su ne suke sa wuya ya ji kamar ya fi lambarsa faɗi. Na sha ɗaukar samfefa mai laushi in ɗan kashe kaifin gefen allo, mai jitar ya dawo ya rantse na rage mata faɗi, alhali ko rabin milimita ban ci ba. Fuskar allon ita ma ba a shafe take ba, tana da ɗan doro. Tsofaffin Fender ana auna doronsu da inci 7.25, na zamani 9.5, wasu kamfanoni 12, kuma lamba in ta yi ƙasa doron ya fi tashi. Wannan ba zan tsaya a kansa ba, a bes mai tsirkiya huɗu bai kai kauri da kafaɗu tasiri ba.

Hannun dama ma yana da ta cewa, kuma shi ake mantawa. Wuya yana buɗewa ne daga nat zuwa jaki. A Precision da Jazz, tazarar tsirkiya da tsirkiya a kan jaki milimita 19 ce, gajeru da yawa kuma ba su kai haka ba. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Höfner 500/1, mai siffar goge irin na Turawa, wadda Paul McCartney na ƙungiyar mawaƙa ta Beatles ya saya a Hambug a 1961. A takarda faɗinta a nat kimanin 42 ne, sai ka ce ai mai faɗi ce. Amma wuyanta da ƙyar yake buɗewa in ana gangarowa, tsirkiyoyin suna tafiya kusan a jere har ƙasa, a matse. Mai bugu da ɗan robar kaɗawa zai ji daɗinta, kai da ka fito daga jita ma ƙila ta yi maka kamar gida. Mai bugu da yatsu biyu masu kauri, ko mai son salon mari da fizga da ake yi a waƙoƙin yabo masu zafi, zai ji yatsunsa suna karo da juna. Saboda haka ka tambayi tazarar kan jaki, in salon marin nan yana cikin abin da ƙungiyarku take so, ka nemi wadda ta kusanci 19.

Mai tsirkiya biyar ban ba ka shawararta a yanzu ba. Faɗinta yakan kai wajen 45, kuma tsirkiyar B, wato mai kaurin da aka ƙara, a kan inci 30 sai an yi dace take tsayuwa da ƙafarta.

Tun da cinikin biri a sama za ka yi, bari mu sauko da shi ƙasa gwargwadon hali. Jos ba ta rasa masu bes ba. Nemi mutum biyu, ɗaya mai wuya irin na Jazz, ɗaya mai irin na Precision, ko da kwaikwayo ne, ko da masu cikakken tsawo ne. Sassauta kowace tsirkiya ka sauke ta da murya ɗaya cikakkiya, sannan ka ɗaura kafo, wato ɗan abin matsewa da yake danne duka tsirkiyoyi a wuri ɗaya, a firet na biyu. Abin da ya rage daga kafo zuwa jaki inci 30 ne da ɗigo uku, muryar kuma ta koma E, A, D, G yadda take. Ka mayar da doguwar bes gajeriya ke nan, da tazarar firet ɗinta da laushin tsirkiyarta. Sai dai ka tuna wuyan ya ɗan fi faɗi a firet na biyu fiye da wajen nat, don haka in mai irin na Precision ta yi maka daidai a haka, gajeriya mai 41 za ta fi ma sauƙi. Kada ka yi gwajin minti biyu. Rataya ta a tsaye yadda za ka tsaya ranar Lahadi, ka yi minti ashirin kana maimaita layin da ya fi zama a firet na ɗaya zuwa na biyar, irin na waƙar da take kan F ko B mai sauka, don a nan ne hannu yake faɗin gaskiya. Bayan ka ajiye, ka lura da inda ya gaji. In tsokar gindin babban yatsa ce, wuyan ya yi maka siriri ko ya cika shafewa a baya, kana matsa shi da ƙarfi don ka ji ka riƙe wani abu. In bayan hannu ne da gaɓoɓin yatsu, ya yi maka yawa.

Mutane suna mamaki in na ce siririn wuya yana iya kawo ciwo, amma gwada riƙe fensir da ƙarfi na minti biyar, sannan ka riƙe tocila, ka ji wanne ya fi gajiyar da kai.

Shi kuma mai sayarwa, ko a kasuwar Alaba yake ko a intanet, kada ka yarda da lambar da ya karanto maka daga kwali. Yawancin abin da yake shigowa na hannu ne ko kwaikwayo, wani an canja masa wuya tun a can. Ni kaina na taɓa biyan kuɗin wadda aka rantse mini 38 ce, ta iso na aza ma'auni na ga 42 har da ɗoriya, mai kayan kuma ya ce ai duk bes bes ce. Ce masa ya ɗora rula a kan nat ya ɗauki hoto. Ya sake ɗorawa a firet na 12. Ya ari tef ɗin tela ya zagaye wuyan a firet na ɗaya, ta ƙarƙashin tsirkiya, ya ɗauka. Ya auna daga E zuwa G a kan jaki, kai ka raba uku. Kai ma ka yi wa jitarka ta yanzu da wadda ta fi yi maka daɗi a gwajin kafo irin wannan awo, sai ka kwatanta lamba da lamba. Mai kayan da ya ƙi ɗaukar hoto huɗu don cinikin dubban nairori, ka bar masa kayansa.

Game da zafin tsintsiyar hannu, akwai abu biyu da ba ruwansu da faɗi. Na farko maratayi. In jitar ta sauka har cinya, dole ka karya tsintsiyar hannu kafin yatsu su kai, kowane irin wuya ne kuwa. Ɗaga ta, ka ɗan tayar da kanta sama, har hannunka ya miƙe daga gwiwar hannu zuwa bayan tafi ba tare da lanƙwasa mai yawa ba. Wasu gajerun, musamman masu siffar SG ta kamfanin Gibson, waɗanda ƙahon jikinsu na sama gajere ne, kansu yakan rinjaya ƙasa, sai ka tarar hannun hagu yana aiki biyu, yana danna tsirkiya yana kuma tallafe wuya. Maratayi mai faɗi wanda cikinsa ba ya santsi yana rage wannan. Na biyu tsayin tsirkiya daga kan firet. Bes ɗin aro da ta sha hannu, sau da yawa tsagar nat ɗinta ba ta yi zurfi ba ko wuyan ya lanƙwashe, kana kokawa da ƙarfe kafin sauti ya fito. Ina kyautata zaton wadda ka ara tana da wannan. In kuma zafin ya zo da dindiris a yatsu, ko yana tashinka da dare, ka ajiye kiɗa ka ga likita, wannan ya wuce aikin mai gyaran jita.

In ka matsa mini in faɗi lamba ɗaya ba tare da na ga hannunka ba: ka fito daga jita mai tsirkiya shida, mai yiwuwa kana damƙa, ka kuma ce hannunka ƙarami ne, to 38 mai siffar C da matsakaicin kauri, wajen 21 a firet na ɗaya, ita zan fara nuna maka. In gwajin rula ya nuna kan yatsunka masu kauri ne, ko ka ga babban yatsanka a baya yake zama, ɗauki 41 hankalinka kwance, jitarka ta yanzu ta riga ta shaida hannunka zai iya.

Kowacce ka ɗauka, za ta taso daga damshin Legas ta hau tudun Jos. In hunturu ya shigo, katakon allo yakan bushe ya ɗan tsuke, ƙarfen firet kuwa ba ya tsukewa, sai bakunansa su leƙo ta gefe suna kartar gindin manuniya duk lokacin da ka zame hannu. Mai damƙa a kan siririn wuya ya fi kowa jin wannan, don fatarsa a manne take da gefen. Kada ka ce wuyan ne bai karɓe ka ba ka sayar da ita da asara. Kai wa mai gyara a tsakiyar hunturun, lokacin da katakon ya gama tsukewa, ya manna tef a kan allo ya bi bakunan da ƙaramin magagari, ya kuma duba sandar ƙarfen da ke cikin wuya ko tana son a ɗan juya ta. In aka yi gyaran bakin firet sau ɗaya a lokacin da ya dace, da wuya ka sake buƙatarsa baɗi.